Zaɓen 1995: Ranar da Kujera Uku Suka Sauya Siyasar Nijar



Duk lokacin da rediyo ya kawo labarin zaɓen tsakiyar wa'adi a Amurka, wasu kan ɗauka abu ne na can nesa. To, mu ma mun taɓa yin irinsa a nan Nijar, kuma har yau siyasarmu ba ta gama warkewa daga abin da ya bari ba. Zaɓen tsakiyar wa'adi shi ne wanda ake yi shugaba yana kan kujera: ba a taɓa shi, amma ana sake auna ƙarfin jam'iyyarsa a majalisa. A Amurka doka ce ke kawo shi kowace shekara huɗu. Mu kuwa rikici ne ya kawo mana namu, ranar 12 ga Janairun 1995.

Bari mu koma baya kaɗan. Bayan Taron Ƙasa na 1991, an yi zaɓen ƴan majalisa a Fabrairun 1993. Cikin kujeru 83, MNSD-Nassara ta samu 29, CDS-Rahama 22, PNDS-Tarayya 13, ANDP-Zaman Lahiya 11. MNSD ce ta farko, amma sauran suka haɗa kai cikin ƙawancen AFC, suka tara kujeru 50. Da wannan ƙawance ne Mahamane Ousmane, ɗan Damagaram, ya kayar da Tandja Mamadou a zagaye na biyu cikin Maris. Aka yi rabo: Ousmane fadar shugaban ƙasa, Mahamadou Issoufou firaminista, Moumouni Adamou Djermakoye shugaban majalisa.

Auren bai yi ƙarko ba. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kaya suka yi tsada, albashi ba ya zuwa kan lokaci, ma'aikata da ɗalibai suna ta yajin aiki. A Satumba Ousmane ya sa hannu kan wata doka da ta rage ikon firaminista. Issoufou ya ajiye aiki, PNDS ta fice daga AFC, ta koma wajen abokiyar hamayyarta ta jiya, wato MNSD. Sabon firaminista, Souley Abdoulaye, ko wata ɗaya bai cika ba majalisa ta kaɗa masa ƙuri'ar yankan ƙauna. Sai Ousmane ya rushe majalisar, ya ce a koma wajen talakawa su raba gardama.

Ku dubi abin da talakawa suka ce. MNSD 29, daidai yadda take. CDS ma ƙaruwa ta yi, ta kai 24. PNDS ta sauka zuwa 12, ANDP zuwa 9. Ashe masu zaɓe ba su sauya ra'ayi ba. Kusan kowa ya tsaya inda yake shekara biyu da suka wuce. Abin da ya sauya shi ne wa ke zaune kusa da wa. Da aka haɗa lissafi, ɓangaren MNSD da PNDS na da 43, na shugaban ƙasa 40. Jam'iyyar Ousmane ta ƙara kujeru, amma shi ya rasa gwamnati.

Ya so ya yi dabara: ya naɗa Amadou Cissé, ɗan MNSD amma ba wanda jam'iyyar ta tsayar ba. MNSD ta kori Cissé, majalisa ta kayar da shi cikin mako biyu. Dole Ousmane ya karɓi Hama Amadou a matsayin firaminista, Issoufou kuma ya hau shugabancin majalisa.

Faransa, inda muka aro tsarin, ta yi irin wannan zama a 1986 tsakanin Mitterrand da Chirac, kuma ƙasa ta ci gaba da tafiya. A Yamai kuwa zaman ƴan marina aka yi, kowa da inda ya sa gabansa. Wa zai tsara ajandar taron ministoci? Wa ke da ikon naɗa manyan ma'aikata? Kowa ya buɗe tsarin mulkin 1992 sai ya ga ayar da ta ba shi gaskiya. Har ta kai shugaba na ƙin zaman taron ministoci. Ranar 27 ga Janairun 1996 Kanar Ibrahim Baré Maïnassara ya yi juyin mulki, ya kwashe su duka uku. Jamhuriya ta uku ta mutu tana da shekara uku.

Daga nan kowace jam'iyya ta ɗauki darasinta.

MNSD ta gane cewa zama ta farko ba ya kai mutum fada. A 1999 ta nemi wanda ya kayar da ita a 1993. Ousmane ya goyi bayan Tandja a zagaye na biyu, Tandja ya ci, Hama ya koma firaminista, Ousmane ya zama shugaban majalisa. Mutanen da suka kasa zama ɗaki ɗaya a 1995 sun yi shekaru suna mulki tare.

CDS ta gane cewa ƙarfinta ƙuri'ar Damagaram ce: ba ta isa ta ci ita kaɗai ba, amma duk inda ta karkata nan rinjaye yake. Da wannan ta ci kasuwarta a 1999 da 2004. Sai dai jam'iyyar da jarinta ciniki ne, wata rana cinikin zai shigo cikin gida. Haka CDS ta dare tsakanin Ousmane da Abdou Labo, har Ousmane ya fito takarar 2020 da tutar RDR-Tchanji.

PNDS ce ta fi kowa haƙuri. Daga kujera 12 ta zauna adawa, tana gina rassa gari-gari, har Issoufou ya ci a 2011 da goyon bayan Hama. Kuma da ƙawancensu ya tsage a 2013, bai rushe majalisa ba. Ya ga abin da rushewa ta jawo wa Ousmane. Maimakon haka sai ya jawo wasu ƴan MNSD da na Lumana cikin gwamnati, ya riƙe rinjayensa ba tare da an koma akwati ba.

To mu fa, da muke nisa da Yamai? Mutumin Alakoss da ya bar dabbobinsa ya yi layi a 1995 ya zaɓi jam'iyya, bai zaɓi ƙawance ba. An ƙulla ƙawancen a falon manya, kuma shi ne ya yanke wa zai yi mulki. Shekarar da aka kwashe ana gardamar sa hannu, shekara ce da ba wanda ya tuna da rijiyarmu, ko makarantarmu, ko hanyar da za ta fitar da mu zuwa kasuwa.

Don haka duk ranar da Allah ya dawo da mu gaban akwati, in ɗan takara ya zo da shayi da alkawari, kada mu tsaya ga tambayar me zai yi mana. Mu tambaye shi a gaban jama'a: in ba ka ci kai kaɗai ba, da wa za ka zauna, kuma a kan wane sharaɗi?

Dattawan da suka kaɗa ƙuri'a a wancan zaɓe, ku ba matasa labarin yadda kuka gan shi. Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya da damina mai albarka.