Yadda Tsayayyar Taguwa Ke Samuwa a Kan Tsirkiya

Tsirkiyar da aka ɗaure bakinta biyu, aka ja ta har ta ɗame, kamar ta garaya ko gurmi ko jita, ba ta kaɗawa yadda ta ga dama. Ko wane ne ya taɓa ta, amon da za ta fitar yana da ƙa'ida. Ɗaurin nan na baki biyu shi ne ke zaɓen irin kaɗawar da za ta ɗore, makaɗi kuwa shi ne ke tayar da motsin.

Idan aka fizgi tsirkiya da yatsa aka saki, lanƙwasar da aka yi mata takan rabu biyu, kowace ta bi tsawon tsirkiyar a guje zuwa baki ɗaya. Wannan motsi mai tafiya shi ake kira taguwa. Da ta isa wurin ɗauri, inda tsirkiya ba ta iya motsi, sai ta dawo a kife: wadda ta je ta sama ta komo ta ƙasa. Ta haka ake samun taguwa biyu masu girma ɗaya suna ratsa juna, ɗaya na tafiya, ɗaya na dawowa. A wasu wurare kullum suna soke juna, tsirkiya ta tsaya cik; waɗannan su ne gaɓoɓi, kamar gaɓoɓin kara. Tsakanin kowace gaɓa biyu kuma suna ƙarfafa juna, kaɗawa ta kai matuƙa. Nan ne ciki. Tun da gaɓoɓin ba sa gusawa, ido ba ya ganin tafiya, sai kaɗawa a wuri ɗaya. Wannan ce tsayayyar taguwa.

Ba kowace taguwa ke samun wannan zama ba. Dole wadda ta je ta dawo ta iske mai bin bayanta a kan mataki ɗaya, in ba haka ba su rushe juna nan da nan. Saboda bakin nan biyu tilas gaɓoɓi ne, tsirkiya ba ta ɗaukar komai sai cikakkun cikuna: ɗaya, ko biyu, ko uku, babu ɗaya da rabi. Kowane ciki rabin tsawon taguwa ne. Don haka kaɗawa mai ciki biyu ta ninka mai ciki ɗaya sau biyu a sauri, mai ciki uku sau uku. Tsirkiyar jita mai tsawon santimita 65 da ke kaɗawa sau 110 a daƙiƙa ɗaya tana iya yin 220 da 330 da 440, amma ba ta riƙe 150. Gudun taguwa a kanta mita 143 ne a daƙiƙa, wato ninki biyu na tsawonta sau 110.

Wannan gudu ya dogara ga ɗamewar tsirkiya da nauyinta. Marin Mersenne na Faransa ya tsara dokokin a 1636: in aka rage tsawo da rabi, kaɗawa ta ninka biyu, in ana son ta ninka biyu ta hanyar ja, sai an ninka ƙarfin jan sau huɗu, tsirkiya mai nauyi kuwa a hankali take kaɗawa, amonta ya yi kauri. Dokar farko ce mai goge ke aiki da ita sa'ad da ya ɗora yatsa ya gajarta izgar da ke kaɗawa. Tun a ƙarni na 10 Al-Farabi ya auna wuraren ɗora yatsa a wuyan kayan kiɗan da ake kira udu da lissafin tsawo.

Abin da ya jawo gardama shi ne ko tsirkiya ɗaya na iya ɗaukar waɗannan nau'o'in kaɗawa duka a lokaci guda. Jean d'Alembert ya fitar da lissafin motsin tsirkiya a 1747. A 1753 Daniel Bernoulli ya ce duk wani motsi nata jimlar tsayayyun taguwoyi ne da aka ɗora wa juna, amma Leonhard Euler da d'Alembert ba su yarda ba. Sai aikin Joseph Fourier na 1822 ya ƙarfafa maganar Bernoulli. Gwajinta ba shi da wuya: a kaɗa tsirkiya, a taɓa tsakiyarta sama-sama. Amon asali, wato mai ciki ɗaya, zai mutu, domin cikinsa na nan tsakiya, amma wani siririn amo mai ninkin sauri zai ci gaba, domin shi gaɓarsa ce aka taɓa. Ke nan tun farko yana ciki.

Inda makaɗi ke da iko shi ne yawan rabon kowace kaɗawa. In ya fizga a tsakiya, masu ciki biyu da huɗu ba sa tashi, amo ya yi laushi. In ya fizga kusa da baki, masu sauri su yi yawa, amo ya yi kaifi. Ƙwarya ko akwatin kayan kiɗan ita ke karɓar girgizar ta miƙa wa iska, shi ya sa amon garaya ke gushewa, na goge kuma ya ɗore muddin ana goga. Amma jerin kaɗawar da tsirkiya za ta yarda da shi, tsawonta da ɗamewarta da nauyinta ne kaɗai ke yanke shi.