Mutum-mutumin da ba ya taɓa majinyaci

Duk wanda ya taɓa jinyar mai shanyewar ɓarin jiki ya san babbar wahalar tana farawa ne bayan an dawo gida. Likitan gashi zai nuna yadda za a riƙa motsa hannun da ya shanye, ya ce a yi ta maimaitawa kullum. Kwana biyu sai gajiya ta shigo, majinyaci ya koma dogaro da lafiyayyen hannun, wancan kuwa ya ƙara sandarewa. Abin da ya rasa shi ne mai zama kusa da shi yana cewa sannu, daure ka ƙara ɗaya. Wannan gurbin ne Farfesa Maja Mataric ta ce na'ura za ta iya shiga, kuma daga nan wani reshe na ilimin mutum-mutumi ya tsiro.

An haife ta a Belgrade, a tsohuwar Yugoslabiya, ta koma Amurka tana budurwa. Ta karanta kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Kansas ta gama a 1987, ta wuce MIT inda ta yi digirin digirgir a 1994 a hannun Rodney Brooks. Aikinta na lokacin babu ruwansa da marasa lafiya. Ƙananan na'urori ashirin ta haɗa tana koya musu tafiya tare kamar garke, su bi juna, su watse, su tattaro kaya. Amma a nan ta fara sanin makamar abin da zai zama sana'arta, wato yadda ɗabi'ar wani ke juya ɗabi'ar na kusa da shi. A 1997 ta koma Jami'ar Kudancin Kalifoniya da ke Los Angeles.

Kafin ita, in aka ce mutum-mutumi mai taimakon nakasasshe, ƙarfe ake nufi, wanda zai kama hannu ya miƙar ko ya ɗaga mutum daga kujera. Ga tsada, ga haɗari. A gefe guda kuma masu bincike sun fara gwada na'urorin ɗebe kewa: Takanori Shibata a Japan ya ƙera Paro mai laushin gashi domin tsofaffi, Kerstin Dautenhahn a Ingila tana aiki da yara masu galahanga. A 2005, a wani taro a Shikago, Mataric da ɗalibinta David Feil-Seifer suka gabatar da gajeriyar maƙala da ta haɗa hanyoyin biyu ta raɗa wa fannin suna: taimako ta hanyar mu'amala, ba tare da taɓa jiki ba. A ganina wannan ne babban abin da ta yi, domin raɗa suna ya sa masu aiki a warwatse suka gane gida ɗaya suke ginawa.

Gwajin farko da masu shanyewar jiki abin tausayi ne a sauƙinsa. Na'ura ce mai taya tana bin majinyaci a ɗaki, an ɗaura masa abin auna motsi a hannu, an ce ya jera mujallu a kantar littattafai. In ya yi, ta yaba. In ya tsaya, ta tuna masa. Daga baya aka ƙera Bandit, mai kai da hannuwa da gira mai motsi, yana nuna wa tsofaffi motsa jiki suna zaune a kujera. Binciken ɗalibinta Juan Fasola ya nuna tsofaffin sun fi son mai jikin da ke gabansu a kan hotonsa a fuskar kwamfuta. Abokiyar aikinta Adriana Tapus kuma ta gano mutum ya fi daɗewa yana atisaye in halin na'urar ya dace da nasa: mai kawaici a lallaɓa shi, mai zafin nama a zuga shi. Kowace uwa ta san wannan, amma sai da aka auna shi kafin a iya koya wa na'ura.

Tasirin ya bazu ta hannun ɗalibanta da suka zama malamai a wasu jami'o'i, abin da ya sa Shugaba Obama ya ba ta lambar yabo ta renon ɗalibai a 2011. A 2012 hukumar kimiyya ta Amurka ta ware dala miliyan 10 ga wani haɗin gwiwa da Jami'ar Yale ta jagoranta, har da ɗakin bincikenta. A 2020 aka wallafa sakamakon ajiye Kiwi, na'ura mai siffar tsuntsu, tsawon wata guda a gidajen yara masu galahanga tana wasan lissafi da su.

Fita kasuwa ce ta yi wuya. Tana cikin waɗanda suka kafa kamfanin Embodied a 2016, wanda ya fitar da Moxie, abokin hirar ƙananan yara. A ƙarshen 2024 kuɗi ya yanke wa kamfanin, ya rufe. Da yake hirar Moxie ta dogara da kwamfutocin kamfanin ta intanet, iyaye da yawa sai da suka zaunar da 'ya'yansu suka gaya musu abokin nasu zai daina magana.