Saƙon da Sankara ke Aikawa Kafin ta Iso

A shekarar 1889 wani likitan tiyata a Landan, Stephen Paget, ya bi diddigin bayanan gawarwakin mata 735 da sankarar mama ta kashe. Abin da ya dame shi shi ne yadda cutar, in ta tashi yaɗuwa, take yawan sauka a hanta amma da wuya ta kama saifa, alhali jini na ratsa su duka. Sai ya ce ƙwayar sankara iri ce, kuma iri ba ya tsirowa sai a ƙasar da ta karɓe shi. Ya yi gaskiya, sai dai zamaninsa bai ba shi damar ganin cewa ƙasar ba zaune take tana jira ba. Ana share ta tun kafin shuka, kuma cikin 'yan aiken da ke wannan sharar akwai RNA wanda ba ya ƙera furotin.

Ƙasa da kashi 2 cikin ɗari na DNA ɗin ɗan'adam ne ke ɗauke da umarnin ƙera furotin. Sauran an daɗe ana masa kallon tarkace, duk da cewa ana kwafe da yawansa zuwa RNA. A 1993 ɗakunan binciken Victor Ambros da Gary Ruvkun a Amurka suka gano, a jikin wata 'yar tsutsa, wani guntun RNA mai haruffa kusan 22 da ke manne wa saƙon wata ƙwayar gado ya hana a karanta shi. Shi ne aka kira maikro-RNA, kuma a kansa suka sami lambar yabo ta Nobel a 2024. A 2002 Carlo Croce da George Calin suka nuna cewa biyu daga cikinsu, miR-15 da miR-16, sun ɓace ko sun ragu a yawancin masu wani nau'in sankarar jini. Sannan a 2007 tawagar Jan Lötvall a Jami'ar Gothenburg ta Suwidin ta nuna cewa ƙwayoyin halitta na ƙunshe RNA cikin wasu 'yan mitsi-mitsin jakunkuna da ake kira eksozom, su sake su, wata ƙwayar ta haɗiye. Ke nan RNA na iya fita daga inda aka ƙera shi ya je ya yi aiki a wani wuri.

Ayyuka biyu daga ɗakin binciken Emily Wang a Kaliforniya sun nuna abin kusa da kusa. Ƙwayoyin da ke shimfiɗe a bangon jijiyar jini a manne suke da juna, kuma furotin mai suna ZO-1 na cikin abin da ke riƙe wannan ɗinki. A 2014 aka ga sankarar mama mai yaɗuwa na sakin miR-105, wanda ke shiga ƙwayoyin bangon ya rage ZO-1. Ɗinkin ya kwance, jijiya ta fara yoyo, ƙofa ta buɗe wa ƙwayar sankara. A 2015 kuma suka nuna miR-122 na bin jini zuwa huhu da ƙwaƙwalwa, ya sa lafiyayyun ƙwayoyin wurin su rage shan gulukos, ta yadda baƙuwar za ta tarar da abinci a ajiye tun kafin ta sauka.

Binciken da ya fi ɗaukar hankalina shi ne na tawagar Dihua Yu a cibiyar MD Anderson da ke Tekzas, shi ma a 2015, domin a nan saƙon daga jiki yake zuwa wajen sankara. PTEN furotin ne da ke taka wa rarrabuwar ƙwaya birki. Sun lura cewa ƙwayoyin sankara masu cikakken PTEN suna rasa shi da zarar sun shiga ƙwaƙwalwa, in aka fitar da su kuma sai ya dawo. Ba DNA ɗin ne ya lalace ba. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwar masu siffar tauraro, waɗanda aikinsu kula da jijiyoyi ne, su ke aika miR-19a ya danne shi. Wannan ya isa hujja cewa wanda ya karanta DNA ɗin ƙari kaɗai bai gama sanin cutar ba, tunda halinta na sauyawa da maƙwabtan da ta tarar.

Amma akwai ƙorafi mai nauyi, kuma bai kamata a tsallake shi ba. A 2014 tawagar Muneesh Tewari ta zauna ta ƙirga, ta samu cewa ko maikro-RNA da ya fi yawa, sai an tara eksozom sama da ɗari kafin a sami kwafi ɗaya. To ta yaya saƙo mai ƙaranci haka zai juya halin ƙwaya? Mai yiwuwa 'yan jakunkuna kaɗan ne ke ɗauke da kaya mai yawa, mai yiwuwa kuma tasirin taruwa yake sannu a hankali cikin watanni. Sai dai yawancin gwaje-gwajen a faranti da jikin ɓeraye aka yi su, sau da yawa da adadin eksozom da ya zarce na jikin majinyaci. Magani ma bai zo da sauƙi ba: a 2016 aka dakatar da gwajin MRX34, mai kwaikwayon miR-34a, bayan majinyata huɗu sun rasu sakamakon tunzurar garkuwar jiki.

A ganina an tabbatar da cewa wannan sadarwa tana faruwa, amma ba a auna girman rabonta a jikin mutum ba, kuma nan ya kamata kuɗin bincike ya karkata. Maganar ta shafe mu kai tsaye. Sankarar mama ce kan gaba a tsakanin matan Najeriya, kuma mafi yawansu na isa asibiti ne bayan cutar ta yi nisa. Gwajin jini da zai karanta irin waɗannan saƙonni da wuri zai yi musu amfani matuƙa, amma sai an gwada shi a jinin mutanenmu. Ina kira ga asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Yamai su fara adana samfurin jini da na ƙari, da yardar majinyata da cikakken bayanin jinyarsu, tun yanzu.