Yadda Masu Ɗaukar Hoto Don Sha'awa Suka Zama Ma'ajiyar Tarihi

A shekarar 1888, wani Ba'amurke mai suna George Eastman, mazaunin birnin Rochester, ya fito da wata ƙaramar kyamara da ya raɗa wa suna Kodak. Kuɗinta dala 25, kuma tana zuwa da fim a ciki wanda zai ɗauki hoto 100. Idan fim ya ƙare, sai mai ita ya aika da ita kamfanin ɗungurungum, haɗe da dala 10, a wanke masa hotunan, a sa sabon fim, a mayar masa da kayarsa. Shekaru kaɗan kafin wannan, ɗaukar hoto aikin gwanaye ne. Mai hoto yakan shafa wa farantin gilashi sinadari, ya ɗauki hoton, ya kuma wanke shi tun gilashin bai bushe ba, don haka duk inda za shi sai ya yi dakon ɗakin duhunsa. A 1900 kamfanin ya sake fito da wata kyamarar ta kwali, Brownie, a kan dala ɗaya tak. Daga nan hoto ya shiga hannun yara da ma'aikata da matan gida.

Tun da wuri wannan sauƙi ya tayar da hankalin wasu. A 1890 lauyoyi biyu na birnin Boston, Samuel Warren da Louis Brandeis, suka wallafa maƙalar da ake ɗauka a matsayin tushen dokar kare sirrin mutum a Amurka, kuma cikin abubuwan da suka koka a kai har da hoton da ake ɗauka cikin ƙiftawar ido ba da sanin mutum ba. A Ingila kuwa, wasu sun hangi wata dama a cikin lamarin.

William Jerome Harrison malamin kimiyya ne a Birmingham, kuma ɗan ƙungiyar masu ɗaukar hoto ta birnin. Ya lura cewa masana'antu da layukan dogo suna cinye ƙauyuka, tsofaffin gine-gine suna rushewa, sana'o'in hannu suna bin masu su kabari. Sai ya ba da shawarar a raba gundumar Warwickshire yanki-yanki, kowane ɗan ƙungiya ya ɗauki nasa, ya riƙa ɗaukar hoton gadoji da gidaje da kasuwanni da gonaki. Aikin ya kankama a 1890, kuma wasu gundumomi suka yi koyi. A 1897 Benjamin Stone, attajiri kuma ɗan majalisar dokoki daga Birmingham, ya kafa ƙungiya ta ƙasa baki ɗaya a kan wannan manufa, wadda ta damƙa dubban hotuna ga Gidan Tarihin Birtaniya.

Abin da ya bambanta waɗannan hotuna da na cikin akwatin gida ƙa'idoji ne masu sauƙi. Ana manna kowane hoto a kan kati, a rubuta abin da ke ciki, da wurin, da ranar, da sunan wanda ya ɗauka. An fi son a buga shi da sinadarin filatinam, wanda ba ya saurin dushewa. Sannan a kai shi ɗakin karatu ko gidan tarihi, inda kowa zai iya zuwa ya duba. Da waɗannan sharuɗɗa uku, wato bayani da ƙarko da ma'ajiya ta jama'a, abin da mutum ya ɗauka ranar hutunsa ya zama hujjar da masana ke dogara da ita bayan fiye da shekara ɗari.

Masoya jirgin ƙasa sun bi wata hanyar ta daban. A 1922 Maurice Earley ya kafa ƙungiyar masu ɗaukar hoton jiragen ƙasa, wadda 'ya'yanta ke warwatse a garuruwa. Sukan zuba hotunansu a kundi guda, kundin ya riƙa zagayawa daga wannan zuwa wancan, kowa ya duba, ya rubuta ra'ayinsa, ya saka sabon hotonsa, ya tura gaba. Mutane da yawa sun ɗauki tsayawa a bakin dogo ana jiran jirgi a matsayin aikin marasa abin yi. Amma a 1963 rahoton Richard Beeching ya ba da shawarar rufe tashoshi 2,363 da kimanin mil 5,000 na layin dogo, kuma a watan Agustan 1968 jiragen tururi suka daina jigilar fasinja a manyan layukan Birtaniya. Aka cire dogo a wurare da dama, aka rushe tashoshi, aka yanka injuna aka sayar da ƙarfensu. Yau wanda yake son sanin kamannin wata ƙaramar tashar ƙauye da ma'aikatanta, sau da yawa wajen waɗancan da aka yi wa dariya zai koma.

Kamfanin da ya buɗe wannan ƙofa bai tsira da canjin zamani ba. A 1975 wani injiniyan Kodak, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar da ba ta buƙatar fim, wadda ke ɗaukar daƙiƙa 23 kafin ta naɗi hoto ɗaya a kan kaset. Kamfanin da cinikin fim ke riƙe da shi bai yi gaggawar rungumar abin ba, kuma a Janairun 2012 ya nemi kariyar kotu saboda karayar arziki. A lokacin kyamara ta riga ta koma cikin wayar hannu, kundin da ke yawo daga gari zuwa gari ya koma intanet.

Amfanin hakan a fili yake. A 2011 wani mai sha'awar ƙwari a ƙasar Malesiya ya ɗauki hoton wani koren ƙwaro mai fukafukai shara-shara, ya sa shi a Flickr. Wani masanin ƙwari a Kalifoniya, Shaun Winterton, ya ci karo da hoton, ya ga zanen fukafukan bai yi kama da na wanda ya sani ba. Bayan an samo ƙwaron an bincika, a 2012 aka tabbatar sabon nau'i ne, aka sa masa suna Semachrysa jade. An iya komawa a nemo shi ne domin mai hoton ya san inda ya ɗauka.

Sai dai sabuwar ma'ajiyar tana da rauni. A 2018 Flickr ya sauya hannu, kuma sababbin masu shi suka sanar cewa wanda ba ya biya ba zai ajiye fiye da hoto 1,000 ba. Hoton da ya bi ta WhatsApp yakan isa an matse shi, an kuma goge bayanan da kyamara ta liƙa masa na rana da wuri. Idan waya ta ɓace ko ta lalace, sau da yawa da hotunanta take tafiya. Katin da Harrison ya rubuta wa suna da hannu yana nan, alhali hoton da aka ɗauka shekara goma da suka wuce yana yawo ba a san garinsa ba, kowa na jingina masa labarin da ya ga dama.

Darasin ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye, domin abin da ido ya saba da shi shi ne ke fara ɓacewa ba a ankara ba. Dalar gyaɗa ta Kano ta zama sai a hoto. A Janairun 2013 aka hana haya da babur a birnin, 'yan acaɓa suka bar tituna, adaidaita sahu ta cike gurbinsu, kuma yaron da aka haifa a shekarar bai san wancan Kanon ba. Kwalekwalen fito, da tashar mota, da shamuwa a kan kuka farkon damina, duk suna cikin wayoyin mutane a yau. Ko za su kai ga jikoki ya danganta da abin da 'yan Birmingham suka gano tun 1890: a rubuta wuri da rana, a ajiye asalin hoton a fiye da wuri ɗaya, a kuma miƙa shi inda wani zai iya samunsa.