Zaure Ɗaya, Masu Sallama Da Yawa: Tarihin Layin IRQ

Ƙwaƙwalwar kwamfuta ba ta zama jiran kowa. In allon rubutu ko firinta na da magana, sai ya yi mata sallama ta wani layi, ta ajiye aikin da take yi, ta amsa, sannan ta koma. Wannan layi shi masu gyara ke kira IRQ, kuma an daɗe ana rigima a kansa.

A 1981 kamfanin IBM na Amurka ya fitar da kwamfutarsa ta PC da ɗan guntun Intel 8259, mai layuka 8 kacal. A 1984 aka haɗa guntaye biyu, layukan amfani suka zama 15, amma agogo da allon rubutu da faifai suka kwashe nasu tun daga masana'anta. Ga shi a tsarin ISA na wancan zamani sallamar ƙwanƙwasa ɗaya ce. In na'ura biyu suka ƙwanƙwasa tare, ta ɗaya kawai ake ji, ɗayar ta yi ta jira har abada.

Mu da muka koyi gyara a Lamashegu, cikin Tamale, kan tsofaffin kwamfutocin Turai da ke shigowa ta tashar Tema, mun ga wannan da idonmu. COM1 da COM3 duka suna kan layi na 4. Ka sa linzami a ɗaya, modem a ɗaya, da zarar an kira intanet sai linzami ya sandare. Katin sauti na Sound Blaster kuma ya sha karo da firinta a layi na 7. Maganin shi ne a buɗe akwati a matsar da 'yan filogin da ke jikin kati da hannu.

A 1992 Intel ya kawo tsarin PCI, wanda ya sauya salon sallamar. Yanzu na'ura tana danne ƙararrawa ne, ba ta saki sai an amsa mata, don haka na'urori da yawa suka iya zama kan layi ɗaya. Sai nauyi ya koma kan direba, wato manhajar da ke kula da kowace na'ura. A Linux, in ƙararrawa ta kaɗa, ana bin direbobin layin ɗaya bayan ɗaya, kamar yaron da ake aika ɗaki-ɗaki a gidan haya: baƙon nan naka ne? Kowa ya leƙa na'urarsa, ya ce nawa ne ko ba nawa ba.

A nan amana ta shigo. In aka yi kira 100,000 ba a sami mai amsa 99,900 daga ciki ba, Linux na rufe layin ɗungurungum, mai laifi da marar laifi duk su yi shiru. Direba ɗaya mai sakaci na iya kashe wa mai kafe intanet ɗinsa, ya tashi ranar ba ciniki.

Daga baya aka ƙirƙiro MSI, inda na'ura ke aika saƙo mai ɗauke da lambarta, har MSI-X ya ba na'ura ɗaya damar kira iri 2,048. Duk da haka ba a cire tsohuwar ƙa'idar daga Linux ba, domin har gobe akwai katunan da ke sallama ta zaure ɗaya.