Ƙarfen Adon da Ke Narkewa a Hannun Mai Walda

Masu tara tsofaffin motocin Amurka sun daɗe suna gardama: idan ƙarfen adon mota ya tsage, a gyara na asali ko a ɗaura sabon kwaikwayo? Ni ina bayan gyara. Amma duk wanda ya taɓa kai irin wannan ƙarfe wurin mai walda ya san abin da ke biyo baya. Da idona na ga mariƙin ƙofa yana ƙyalli kamar azurfa, wuta na taɓa shi ya zube ƙasa tamkar kitse. Mai waldar ya ɗaga tabarau ya ce, "Alhaji, wannan ai ba ƙarfe ba ne."

Bai yi ƙarya ba. Motocin farko da tagulla aka ƙawata su, aka koma nikel, sannan a 1926 Oldsmobile ya fara shafa kurom. Shafe ne kawai, bai kai kaurin gashi ba. Abin da ke ƙarƙashinsa shi ne labarin.

Kamfanoni sun so abin da za a yi zubinsa dubbai cikin arha, sai suka kama tutiya. Tana narkewa da wuri, tana ɗaukar kowane zane na mazubi. Aibinta ɗaya: in ɗigon darma ya gauraya da ita, danshi kan ratsa cikinta ya ci ta a hankali, ta kumbura ta tsattsage. A 1929 kamfanin New Jersey Zinc ya fito da haɗin Zamak, da tutiya mai tsarkin kashi 99.99 da alminiyam kusan kashi 4. Sai dai ba kowace maƙera ce ta kiyaye tsarkin ba.

Wasu na ɗora laifin tsagewar kan Yaƙin Koriya, lokacin da gwamnati ta taƙaita nikel, shafen motocin 1952 ya zama na jeka-na-yi-ka. Wasu su ce gishirin da ake watsawa a tituna lokacin ƙanƙara ne. Duka biyu suna jawo ƙuraje a fatar ƙarfe, ban musa ba. Amma tsaga daga ciki take tasowa, shi ya sa har kayan da suka kwana shekaru a kwali ake samun su a fashe.

Zamanin mai zana motoci Harley Earl a General Motors ya ƙara yawan irin wannan ado: gaban Buick ta 1958 kaɗai na ɗauke da 'yan murabba'ai 160 masu ƙyalli.

Dalilin zubewarsa a hannun mai walda kuwa shi ne, Zamak na narkewa wajen digiri 385, tagullar walda kuwa sai kusan 900. Don haka masu gyara suka koma wata hanya: a kankare tsohon shafe, a rarake kowane rami, a shafa jan ƙarfe, a cike tsagar da lallausar darma bisa jan ƙarfen, a goge, sannan nikel da kurom su hau.