Basasar Kano da Matan da Ba a Ƙirga Ba

A shekarar 1893, da Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur sarautar Kano, Yusufawa suka bijire suka kafa sansani a Takai, wutar yaƙi ta laso ƙasar Gaya. Tarihi ya adana sunan Aliyu Babba da ya shiga birni a 1894, da Tafashiya inda Tukur ya faɗi a 1895. Matan da aka kama ganima, aka sayar ko aka mayar ƙwaraƙwarai, ba a rubuta sunayensu ba, balle a biya su diyya. Dokar Turawa ta 1901 'ya'yan da za a haifa ta 'yanta. Sai a 1936 aka soke bautar gaba ɗaya.

Wannan shirun shi ne gadon da ya kamata a yanke. A 2015 Nijeriya ta kafa dokar hana cin zarafin mutane, Kano kuma tana da cibiyar Waraka a Asibitin Murtala. Amma yarinyar Ajingi da aka keta wa haddi, kafin ta kai birni, shaida ta gushe, dangi sun sasanta. Adalci sai likita da alƙali sun kusanto ƙauyenta, an rubuta ƙararta da sunanta.